Gilashin da Bakir Ya Aro daga Leh

Ranar da Ama ta ce tana son ganin fuskar yayanta, ɗanta Bakir na zaune a bakin gadonta yana goge kyamara da gefen rigarsa. Bai ko ɗago ba. Ya ɗauka irin maganar nan ce ta tsofaffi, wadda ake amsawa da "in Allah ya yarda" a ci gaba da abin da ake yi.

"Da kai nake," ta ce. "Babu amaryar da ba ka ɗauki hotonta ba a kwarin nan, har masu kumbura baki. Ka ɗauko mini fuskar Yaya Shukur."

"Ama, ai Kawu yana ƙetare."

"To, da yana bayan ɗaki zan aike ka?"

Ƙauyensu na maƙale ne a jikin dutse, can sama da garin Kargil. Kogi na gudu a ƙasa, a ɗaya gefen kwarin kuma ga wani ƙauyen kamarsa, gidajen ƙasa da gonakin sha'ir hawa-hawa. Ama na budurwa Shukur ya haye can taya gwaggonsu girbi, ya ce zai dawo in an gama sussuka. Kafin a gama, sojoji suka ja layinsu ta tsakiyar kwarin, can ɗin ya zama wata ƙasa. Waya ba ta ƙetarawa. Labari kuwa sai a bakin masu zuwa ziyara Iraƙi, inda mutanen nan da na can suke haɗuwa, kuma ba ya wuce "suna lafiya, suna gaisuwa."

Abin da ya rage wa mutane shi ne dutsen gaisuwa. Duk Juma'a bayan azahar, muddin ƙanƙara ba ta toshe hanya ba, mai ɗan'uwa a ƙetare yakan hau wani faffaɗan dutse a saman ƙauye, na can su ma su hau nasu. Ba a jin murya, ba a gane fuska, don haka kowane gida da alamarsa. Ta Ama koren mayafi ce, ta Shukur jar hula da farar sanda. Ta kaɗa mayafi, ya ɗaga sanda, shi ke nan an gaisa, an kuma san kowa na da rai. Akwai wani tsohon madubin hangen nesa da ƙauyen ke karɓa-karɓa, ido ɗaya ya fashe, ɗayan kuwa iyakar aikinsa ya tabbatar maka hular ja ce.

Sai dai hunturu biyu ke nan Ama ba ta hau ba. Ƙafafu sun ƙi, ƙirji ya ƙi. Bakir ya ce zai goya ta, ta ce ko kusa, ba za a kai ta gaban yayanta kamar buhun sha'ir ba. Ita da kanta ta ciro mayafin ta miƙa wa Marziya, matar Bakir, ta koya mata yadda za ta duƙa da yadda za ta kaɗa shi. "Kada Yaya ya ga dutsen babu kowa," ta ce. "Tun yana yaro zuciyarsa ba ta da ƙwari." Haka ake yi a kwarin. Ba a aika wa na nesa mugun labari, tunda ba zai iya zuwa ba, ban da kuka babu abin da za a ƙara masa. Marziya ta ƙware a duƙon har ta fi Ama tsufa.

Yanzu kuwa likita ya daina canza wa Ama magani, Bakir kuma ya san abin da hakan ke nufi. Shi ya sa da ta maimaita maganar, ya ajiye kyamarar ya ce to.

Cewa to ba wuya. Gilashin da ke bakin kyamararsa na biki ne, ya iya ɗan kunnen amarya da hawayen uwarta, amma in ka nufi ƙetare da shi, Kawu Shukur ɗigon barkono ne a kan dutse. Dole a nemo dogon gilashi mai zuƙo nesa, irin wanda a duk Kargil ba mai shi. Kafin nan kuma sai an nemi izinin hafsan sojan da ke shingen hanyar dutsen, wani mutumin kudu mai kirki, wanda sanyi ya hana shi sakat tun da aka kawo shi.

Hafsan ya saurare shi har ƙarshe, ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Ban da ƙafafun nan uku da ake ɗora kyamara, don daga nesa dogon bututu a kan ƙafa uku ba ya kama da abin ɗaukar hoto, da makami yake kama, kuma na can ba za su tsaya tambaya ba. Ban da abu mai ƙyalli. Ban da juya gilashi wajen ramukan soja, nasu ko na can. Bakir ya amsa duka, washegari ya hau motar birnin Leh.

Punchok yana da ɗan shago a saman bene bayan kasuwa, inda yake ba da hayar gilasai ga baƙin da ke zuwa neman damisar ƙanƙara. Bakir ne ya ɗauki hotunan bikin 'yarsa, tun daga nan suke Acho da Nono, wato yaya da ƙane, ko da yake ɗaya na zuwa masallaci, ɗayan na kunna fitila a gaban Buddha.

"Kai, mai amare!" Punchok ya ce da ya gan shi. "Amaryar ce ta gudu kan dutse har sai an zuƙo ta?"

Bakir ya gaya masa abin da ya kawo shi. Punchok ya daina dariya, ya zuba masa shayin gishiri da man shanu, ya ce ya kwana, da sassafe za su hau rufi.

Da safe ya shimfiɗa bargo a rufin ya jera gilasai uku. Ya nuna can saman gari, gindin bangon tsohuwar fada, inda wani dattijo ke zama kullum yana jan carbinsa. "Ga kawunka na gwaji. Nisan ya yi?"

"Kusan haka ne, Acho. Namu ya ɗan fi."

Na farko fari ne, gajere, mai ƙarfin zuƙowa daga milimita ɗari zuwa ɗari huɗu. Bakir ya ɗaura shi, nan take ya ji ya shiga ransa. Ba nauyi, ga kama abu da sauri, hoto tar kamar an wanke. Amma da ya murza shi har ƙarshe, fuskar dattijon ba ta wuce ƙwayar wake ba. Ya buɗa hoton a allon bayan kyamara, ya ƙara buɗawa, fuskar ta farfashe kafin ta zama fuska.

"Farin ba matsala ba ne, ana sa masa safa," in ji Punchok. "Gajartar ce ba ta da magani. Wannan na masu ɗaukar akuyar daji ne, ita ba a neman kamanninta da na ubanta."

Na biyu tsoho ne, mai hamsin zuwa ɗari biyar, fentinsa ya goge, kuma da ka sunkuyar da shi sai bakinsa ya zamo da kansa. Ya janyo dattijon kusa, ba laifi, amma a ƙarshen zuƙowa komai ya yi laushi, kamar kana kallo ta cikin tururin tukunya. Ga mutum, ga hula, ga gemu, sai dai ba ka iya rantsuwa ko wane ne.

"Wannan shi ne mai rufin asiri," Punchok ya ce. "Ba ya nuna tamoji, ba ya nuna furfura. Da ka saye shi don surukan amarenka, da sun yi ta sa maka albarka."

"Fuska aka aike ni, Acho."

"To ɗauki ƙaton."

Na uku baƙi ne, mai ɗari da hamsin zuwa ɗari shida, nauyinsa ya kai na ɗan akuya. Bakir, da yake mutum ne mai gaggawa, ya murza shi har ƙarshe tun kafin ya kai ido. Ya leƙa, bango. Ya motsa, bango. Ya ƙara motsawa, sai sama.

"Ina dattijon?"

"Ya tafi Kargil nemanka. Nono, ba haka ake yi ba. Ai amfanin mai zuƙowa ke nan: ka buɗe shi, ka ga dutsen duka, ka sa mutuminka a tsakiya, sannan ka janyo shi a hankali."

Ya yi haka. Dattijon ya taho, ya taho, har ya cika ido, sai dai yana tsalle kamar wanda ke kan jaki. Hannun Bakir ne. Shi da yake taƙama yana ɗaukar biki tun safe har yamma bai taɓa girgiza hoto ba, ga shi yau numfashinsa kaɗai na jefa mutum waje. Punchok ya miƙa hannu wajen ƙafafu uku, Bakir ya ce an hana. Punchok ya yi ɗan tsaki, ya sauka, ya dawo da ƙaramin buhun garin sha'ir na matarsa. Ya aza shi a kan katangar rufin, ya danna tsakiyarsa, ya kwantar da gilashin a ciki. Ya kunna ɗan maɓallin da ke rage girgiza, ya ce wa Bakir ya saki rabin numfashi ya riƙe rabi.

Wannan karon da suka buɗa hoton, ga giɓin dattijon, ga jan zaren carbinsa.

Da yake ɗan Adam ba ya ƙoshi, ya hango wani zobe a cikin akwati, wanda ake sawa tsakanin gilashi da kyamara ya ninka zuƙowa, ya ce a gwada. Aka gwada. Hoto ya yi duhu, kyamara ta yi ta kai da komo tana neman inda za ta tsaya, ta kasa. Ya cire shi ya mayar cikin akwati, Punchok kuwa ya yi masa kara bai tsokane shi ba.

Bakir ya fara naɗe kaya, Punchok ya tambaye shi wane lokaci ake hawa dutsen. Da ya ji bayan azahar ne, sai ya ce ya zauna, ba inda za shi. Suka ci gurasa, suka ƙara shayi, har rana ta take. "Leƙa yanzu."

Dattijon na nan inda yake, amma ya narke. Fuskarsa na malalewa, bangon da ke bayansa na rawa kamar ana kallonsa a cikin ruwa.

"Me ya sami gilashin?"

"Lafiyarsa lau. Iskar da ke tsakaninku ce. In rana ta dafa duwatsu sai ta yi ta tashi, shi kuma gilashi ba ya zaɓe, yana janyo mutum yana janyo rawar iskar tare. Ka ce musu su fito da safe."

"Da wace waya?"

Punchok ya sosa kai. "To ka roƙi Allahnka ya ba ka ranar sanyi, ni ma in roƙa a nawa wajen. Ka dawo mini da shi kafin ƙanƙara, lokacin masu damisa ke zuwa. Buhun kuma ka bar shi a nan, kuna da naku sha'irin."

Juma'ar farko rana ta buɗe kamar da gayya. Hafsan ya juya gilashin a hannu, ya ga baƙi ne, ya ga buhu maimakon ƙafafu, ya ɗaga musu shinge. Marziya na gaba da koren mayafi, tana tafe da ƙarfinta har suka kusa inda ake hangowa daga ƙetare, sannan ta rage tsawo, ta dafa ƙugu, ta fara jan ƙafa.

"Kin fa yi yawa," Bakir ya ce. "Ama ba ta taɓa ɗingishi haka ba."

"In ka fi ni iyawa karɓi mayafin. Ni da bayana muka san abin da muke sha."

Akwai wasu gidaje biyu a kan dutsen, kowa da tsummansa. Bakir ya kwanta rub da ciki, ya aza buhu, ya buɗe gilashin, ya sami dutsen ƙetare, ya sami jar hula, ya janyo. Abin da Punchok ya nuna masa shi ya gani. Ja a sama, fari a gefe, tsakiya kuwa wani abu mai ruwan ƙasa yana lanƙwasa yana miƙewa. Ya danna har yatsa ya gaji, ko ɗaya bai tsaya ba.

Da suka koma gida, Ama ta karɓi kyamarar ta kusantar da allon ga idonta. Ƙafa da ƙirji ne suka ci amanarta, ido kam har yanzu ita ke zura wa Marziya zare a allura.

"Don wannan ka je har Leh?"

"Iska ce, Ama. Zafi ne ke..."

"Wannan ko tunkiya ka sa wa hula haka za ta fito." Ta mayar masa. Ta juya ta fuskanci bango, can ta ce, "Ka sake gwadawa. Ina nan dai." Yadda ta faɗi "dai" ɗin ne ya hana shi cin abinci.

A makon ya yi ta kallon sama kamar manomi. Ranar Alhamis hadari ya haɗo, abin da ba a cika gani ba a wannan ƙasa, aka ɗan yi yayyafi, kawunan duwatsu suka yi fari. Juma'a ta waye da iska mai yanka kunne. Kowa a ƙauyen na kukan sanyi ya zo da wuri, Bakir kaɗai ke murna.

Da ya kwanta a kan dutsen ya leƙa, ƙauyen ƙetare ya tsaya cak, har ana iya ganin tsagar duwatsun katanga. Ya sa jar hular a tsakiya. Ya murza a hankali yadda aka koya masa. Mutumin ya taho, a duƙe, ya dogara da farar sanda, ya naɗe wuyansa da rawani har haɓa. Marziya ta kaɗa mayafi. Mutumin ya ɗaga sanda, iska ta fizge rawanin.

Gemun baƙi ne ƙirin.

Bakir ya danna, don yatsansa ya riga hankalinsa. Ya ci gaba da kallo. Fuskar mutum ce sa'ansa, ko ya girme shi kaɗan, kumatu a cike, goshi ba tamoji. Mutumin ya yi sauri ya mayar da rawanin, ya sake ɗaga sanda. Da aka gama gaisuwa ya juya a duƙe, ya ja ƙafa har bayan wani dutse inda yake zaton ba a ganinsa, sai ya miƙe tsam, ya saɓa sandar a kafaɗa, ya tsallake rami da ƙafa ɗaya.

A hanyar sauka Bakir ya tsaya ya nuna wa Marziya. Ta daɗe tana kallo, mayafin Ama a hannunta.

"Innalillahi," ta ce. "Ɗansa ne."

"Wataƙila Kawu ma ƙafa ce ta hana shi."

"Wataƙila." Ba ta yarda ba, shi ma bai yarda ba. "Ashe ni da wannan bawan Allah muke ta duƙa wa juna. Shi yana yaudarar tsohuwa, ni ina yaudarar tsoho."

"Me zan ce mata?"

"Kana da waɗanda ka ɗauka kafin ka janyo shi. Hula da sanda, tar, ba fuska. Ka ce iyakar gilashin ke nan."

Bakir ya tuna tsohon gilashin Punchok, mai rufin asiri. Da shi ya ɗauko, da yanzu yana sauka da murna, ɗauke da hoton wani mutum mai hula da gemu wanda ba mai iya rantsuwa a kansa. Ya ji haushin Punchok, ya ji haushin sanyin da ya roƙa, ya fi jin haushin kansa da ya nace sai fuska.

Ya shiga ɗakin ya zauna a bakin gado, ya nuna mata na nesan. Dutse, jar hula, farar sanda a sama. Ama ta yi murmushi, ta taɓa allon da yatsa.

"Yau kam ga shi. To janyo shi."

"Iyakarsa ke nan, Ama."

"Bakir, ni na haife ka. In za ka yi ƙarya kunnenka na ja. Na ga yadda kake buɗa hoto kana nuna wa amare kwallinsu. Janyo mini shi."

Ya wuce zuwa hoton da iska ta fizge rawani, ya buɗa, ya miƙa mata. Ya kafa ido a kan bargo.

Ta ƙura wa allon ido. Ya jira kuka, bai zo ba.

"Hancin Babanmu ne," ta ce. "Da goshinsa. Kai, har tsayuwar wuyan." Ta ƙara kusantar da allon. "Yaron kirki. Dubi yadda ya duƙa, bayansa zai yi ciwo." Sannan ta kife kyamarar a cinyarta. "Yaya ba zai ba kowa sandar nan ba yana numfashi. Ko kwance yake, hula zai bayar, ya riƙe sanda. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Marziya da ke bakin ƙofa ta fashe da kuka. Ama ta dube ta. "Ke kuma ninke mayafin nan ki sa a akwati, kin huta. Ki fito mini da baƙin. Juma'a zan hau."

"Ama, kin ce ba za a goya ki..."

"Gaban yayana na ce. Yanzu wa zan ji wa kunya?"

Da Juma'ar ta zo sanyi bai saki ba. Bakir ya goya ta, ya ɗaure ta da bargo, abin da ya ba shi tsoro shi ne rashin nauyinta. Marziya ta rungumo gilashin da buhu, tana tafe a miƙe cikin nata mayafin mai furanni. Hafsan ya gan su tafe, ya ɗaga shinge tun ba su iso ba.

Suka zaunar da Ama a bakin dutsen, ta jingina da Marziya. Bakir ya tara duwatsu ya aza buhu daidai fuskarta, ya nemo jar hula ya janyo, ya kai mata kyamarar ido yana tallafe da bakin gilashin. Shi da idonsa ba ya ganin komai sai ɗigon ja. Sai abin da ta faɗa.

"Ya fito. Ya duƙa, ɗan albarka. Yana neman kore... bai gani ba. Ya sa madubi a ido."

Ama ta janye fuskarta daga kyamarar. Ta gyara baƙin mayafinta, ta ɗaga hannun dama sama yadda za a hango, ta sauke shi a ƙirji. Ta sake ɗagawa, ta sake saukewa, a hankali, irin bugun ƙirjin da ake yi a zaman makoki. Wannan ba ya buƙatar murya, duk wanda aka haifa a kwarin, nan ko can, ya san shi. Marziya ta kama, sauran matan da ke kan dutsen suka sauke tsummokaransu suka kama.

Ɗigon jan ya daɗe bai motsa ba. Ama ta mayar da ido.

"Ya miƙe," ta ce. "Dogo ne. Ya cire hular... ya ajiye a kan dutse. Yana bugun ƙirji." Muryarta ta ɗan karye, ta gyara ta. "Yana kiran wasu. Ga mata nan suna hawowa. Ga wata tsohuwa, matar Yaya ce ke nan, ban taɓa ganinta ba. Gajera ce. Yanzu yana nuni da sanda, can sama, bayan gidaje. Bi sandar, Bakir."

Ya karɓa, ya buɗe gilashin, ya ga ƙauyen duka, ya bi inda sandar ta nufa. Saman gonaki, ƙarƙashin wasu dogayen itatuwa, maƙabarta. Yara biyu sun riga sun ruga can, sun tsaya a gefen wani kabari suna ɗaga hannu. Ya sa su a tsakiya, ya janyo har ƙarshe, ya mayar mata.

Ta kalla. "Tutar kabarin ta koɗe," ta ce. "Wannan ta ga hunturu biyu. Ashe tare muka daina hawa."

Ta ɗaga tafukanta a ƙarƙashin kyamarar ta fara Fatiha, idonta na manne da gilashin. Bakir na durƙushe a gefenta, hannu ɗaya a bakin gilashi, ɗaya a bayanta. Ya saki rabin numfashi ya riƙe rabi yadda Punchok ya koya masa, amma ƙirjinsa ya ƙi, kafaɗunsa suka fara girgiza.

Ama ta tsaya a tsakiyar aya.

"Riƙe da kyau," ta ce. "Kana kawar mini da shi, ban gama ba."